"To" Ɗin da Na Gajarta

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Daga Mamman na Illela zuwa ga ɗansa Arzika, wanda ke karatu a makarantar Turawa ta Sakkwato. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta iske ka lafiya, cikinka da abinci, jikinka ba zazzaɓi. Allah ya tsare ka daga sharrin baƙunta, da sharrin abokin da zai yabe ka a inda ya kamata ya tsawata maka. Innarka na gaishe ka. Abokina Tunau ne zai miƙa maka wannan, don jakunansa za su shigo birni da albasa. Labarin gari duka yana bakinsa, har da wanda bai faru ba, don haka ni ba zan ɓata tawada a kansa ba. Maganata ɗaya ce, amma doguwa ce. Ka nemi inuwa.

Ka tuna kwana uku kafin tafiyarka na ce maka ka ƙetara iyaka ka yi sallama da kakanka, mahaifin innarka, wanda mutane ke kira Nomau Mai Rijiya. Ka ce mini, "To, Baba," idonka na kan sababbin takalman da aka ɗinka maka. Ba ka je ba. Daga baya na ji abin da ka faɗa wa innarka, wai mi za ka ce wa tsohon da bai san ko alif ba, wanda zai zauna yana kiranka ɗan Nasara. Ban yi maka faɗa ba, kuma yanzu ma ba faɗa zan yi ba. Da na ji maganar, muryata na ji a bakinka, kuma mutum ba ya dukan inuwarsa.

Kakata, wadda ta rene ni da tatsuniya, takan ce Bahaushe yana da "to" huɗu kamar ƙafafun jaki, kuma a cikinsu akwai wadda ke harbi. Akwai gajeren to na yarda, mai faɗowa kamar tsakuwa a ruwa. Akwai to na "na ji", wanda yaro ke ba babansa yana kallon ƙofa. Wannan ka iya shi. Akwai wanda ake saki in akuya ta mutu ba a yanka ba, ba abin da ya rage sai shi. Sannan akwai dogon, wanda dattijo ke ja a gaban mai iko in ba ya son ya ƙi a fili: tooo. Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san wannan a'a ce ta sa riga.

A kan dogon nan na yi kuskuren da ya fi kowane girma a rayuwata, kuma ba ka san shi ba. Ga shi.

Sa'ad da kake cikin innarka, ni mai baki ne. Na yi fataucin kanwa da gishiri, na san kowace hanya tsakanin Darna da Ƙonni, na san inda ake kwana da inda ake gudu. In an zauna a kasuwa ni ke da zance. A makarantar allo ma ni ke riga kowa wanke allo, har na ɗauka saurin kai shi ne duka abin da Allah ke nema ga bawa. Wata rana a wurin wani suna, ina cikin ba da labari mutane na dariya, sai kakanka ya ce daga inda yake zaune, "Mamman, da gonarka ta kai bakinka girma, da ba mu sayi hatsi ba bana." Aka yi dariyar da ta fi tawa. Suruki ne, ba a mayar masa. Na haɗiye, amma ba ta narke ba.

A ranin nan Turawa biyu suka zo raba ƙasa, ɗaya na Ingila ɗaya na Faransa, da sarƙar awo da wani madubi mai ƙafa uku. Duk inda suka daidaita sai a tara duwatsu a ce nan ne iyaka. Suna neman wanda ya san daji, aka nuna ni. Baturen Ingila ya ba ni jar dara, ya ce ni ne ja-gaba. Arzika, in ka ga yadda na riƙa tafiya da darar nan, sai ka rantse ni na ci Sakkwato da yaƙi. Baturen yana jin Hausa kaɗan, irin ta littafi. Yana da wani ɗan littafi a aljihu inda yake ajiye kalmominmu kamar mai tara ƙwai, kuma a cikinsa an rubuta "to" ma'anarsa yarda. In magana ta shige masa duhu sai ya waiwayo ni.

Da hantsi muka iso rijiyar kakanka, wadda ke gindin gawo. Shi ya haƙa ta da hannunsa, rani biyu yana cikin rami, gaba goma sha biyu, ruwanta ba ya ƙafewa. Gidansa da gonarsa suna kudu da ita, jifa biyu. Sarƙar Turawa ta bi ta tsakanin gidan da rijiyar. Ka riƙe wannan da kyau: ana gobe za mu iso nan, na ga Baturen ya lanƙwasa layinsa saboda wata maƙabarta, don mutanen wurin sun ce ba su yarda a raba su da matattunsu ba. Ashe layin yana lanƙwasuwa. Na gani da idona.

Aka kira kakanka, ya zo da ƙasa a gwiwa. Baturen ya ce, "Tsoho, rijiya za ta zama gefen Ƙonni. Kai za ka sha ruwa, shanu za su sha ruwa, babu damuwa. Ka yarda?"

Kakanka ya dubi rijiyar, ya dubi gawon, ya dubi duwatsun da leburori suka riga suka sauke. Ya ce, "Tooo."

Baturen nan ba wawa ba ne. Ya buɗe littafinsa, ya rufe, ya waiwayo ya ce, "Mamman, wannan to ya yi tsawo. Mene ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ne. Ya yarda."

Aka tara duwatsu. Ko rabin sa'a ba a yi ba muka wuce, ina gaba da darata.

Na sha tambayar kaina mi ya sa. Rana ta yi zafi, Baturen na son kaiwa zango, ni kuma ina son ya ga ja-gabansa ba ya kawo masa wahala. Wannan gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba. Maganar gona da baki tana nan a ƙirjina, sai na ga ranar da bakin ya fi gona amfani ta zo. Mai yiwuwa ko da na faɗi gaskiya layin ta nan zai bi, Allah shi ya sani. Amma abin da Turawa suka yi nasu ne, abin da harshena ya yi nawa ne.

Shekara shida ba abin da ya faru, kowa na shan ruwa, duwatsu na zaune ƙadangaru na shan rana a kansu. Sai shekarar da damina ta ƙi. Rijiyoyi suka ƙafe sai ta gawo. Masu gadin Faransa suka kafa rumfa a wurin, suka ce shanun kudu ba za su ƙetara ba sai da takarda, takardar kuma sai an je Ƙonni an yi kwana da kwanaki a ƙofa. Shanun kakanka suna jin ƙamshin ruwan da ya haƙa, suna kuka a bayan tulin duwatsu. Fiye da rabinsu suka kwanta ba su tashi ba. Da ya ga rijiya ba za ta dawo ba, shi ya bi ta. Ya bar gonarsa, ya bar kushewar mahaifinsa, ya koma arewa da duwatsun da sauran dabbobinsa. Abin da ya sa kakanka ke wata ƙasa ke nan, alhali hayaƙin gidansa daga bayan garinmu ake hango shi.

Ga abin da nake so ka ɗauka a nan. Hakimi ya ce a ba da yaro makaranta, kowa ya ɓoye nasa, ni na kama hannunka na kai ka, kuma ban yi nadama ba. Na ga abin da takarda ke yi wa mutanen da ba su da nasu a kusa da ita. Za ka iya karatun nan, ban da shakka, kanka ya fi nawa. Amma ka san inda za a tsayar da kai in ka gama: daidai inda na tsaya, tsakanin mai iko da mai rijiya. Za a ba ka alƙalami, wanda ya fi jar dara nauyi. Wata tsohuwa za ta zo ƙofar ofis ta ce "tooo", Bature ya waiwayo ka, ba kuma wanda zai san abin da ka mayar sai kai da Allah. A takarda duk to ɗin nan huɗu kamarsu ɗaya. Ko a ajamin nan da nake rubuta maka harafi biyu ne, ba su da murya. Abin da zai sa ka rubuta wanda aka faɗa, ba wanda zai faranta wa maigida rai ba, ba ya cikin littafin da za a ba ka. Hali ne. Ni ilimin Hausa bai gaza mini ba ran nan, na fi kowa a wurin sanin abin da tsohon ke nufi. Sanin ne ma ya zama wuƙar.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsawo, don shi shekaru ya ci.

Bayan shanun sun mutu na jefa darar a rumbu, na yanke wa kaina hukunci: tunda baki ne ya yi ɓarna, a rufe shi. Na daina zance a kasuwa. Na daina zuwa kallon kokawa bayan kaka, ni da nake kirari har muryata ta dushe. In ana kiɗa a gidan biki sai in zauna nesa ina jan carbi, ba don zikiri ya cika mini zuciya ba, sai don a ga ina ja. Tunau ya zo ya ce mu tafi Gwanja sayen goro, tafiyar da tun muna samari muke mafarkinta.

Na ce, "Ni na wuce wannan."

Ya ce, "Ka wuce ina? Kai da ko Gulbin Sakkwato ba ka ƙetara da ƙafarka ba? Tashi, malam. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi."

Na ce, "Kifi ya faɗa don ba shi da iyali."

Ya tafi. Bayan shekara ɗaya da rabi ya dawo da goro, da tabon cizon wani ƙwaro a ƙauri, da labaran da har yau bai gama ba da su ba: dajin da rana ba ta taɓa ƙasarsa, mutanen da ke cin doya kamar yadda muke cin gero. Ni kuma ya iske ni gindin bishiyar da ya bar ni, har inuwar ta san ni. Mutane suka fara ce mini dattijo, na ji daɗi. Ba dattako ba ne, Arzika. Tsoro ne ya naɗa rawani.

Mafi muni, na samu wurin ɓuya mai kyau. Ka san al'adarmu, miji ba ya yawan kusantar surukinsa, in sun haɗu a hanya ma ratsewa yake. Sai na shige cikin kunyar surukuta na ja ƙofa. Innarka takan ɗauki ƙwaryar fura ta ƙetara ita kaɗai, ta dawo ta ce, "Baba na gaishe ka," in ce, "Ina amsawa." Gari na cewa ka ga mai kunya. Ita ba ta taɓa cewa komi ba, sai dai sau ɗaya, tana dakan gero, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Kunya ma tana da ƙafa, Malam." Na yi kamar taɓarya ce ta yi magana.

Saboda haka kada ka fahimce ni a karkace. Ban kai ka makaranta don ka zama gunki ba. Mutumin kirki ba shi ne wanda bai yi komi ba; in haka ne turmi ya fi kowa shiga aljanna. Ka rayu. Ka je gulbi ka koyi iyo, ni ban iya ba. Ka ci kifi ɗanye daga ruwa, ba busasshen da ke iso mana yana warin buhu ba. An ce akwai wata ƙwallo da Turawa ke sa yara su bi da ƙafa. Ban ga hikimar ba, amma ka bi ta, ka riga kowa. Ka yi abota da ɗan sarki ba tare da ka zama baransa ba, ka yi abota da mai kawo muku ruwa ba tare da ka ji ka yi masa alfarma ba. Ka tambayi malaminku har ya gaji: ina ruwan gulbi ke zuwa, yaya madubin nan mai ƙafa uku ke auna ƙasa. Ka tsai da sallarka a kan lokaci, sannan ka yi dariya da dukan haƙoranka. In ka yi laifi, don za ka yi, ka tafi wurin mai shi tun rana ba ta faɗi ba, ka faɗa da bakinka. Laifin da aka faɗa yini guda yake ci. Wanda aka ɓoye, ga ni nan ka gani.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da ka tafi ba ka je ba, na kwana biyu ina jin haushinka, ran na uku na tambayi kaina da wane baki. Na ɗauki sandata bayan sallar asuba na ƙetara duwatsun, karo na farko tun ranar da aka tara su.

Na iske shi gindin gawo. Idonsa ya tafi gaba ɗaya, jikin ya zama kamar kara, yana zaune yana sauraron guga na sauka. Na tuɓe takalma daga nesa, na durƙusa.

Ya ce, "Wa ke nan? Takun ga ba na mai ɗibar ruwa ba ne."

Na ce, "Mamman ne, Baba."

"Wane Mamman? Mamman ya fi tumaki yawa ƙasag ga."

"Na Illela."

"Af! Mai baki! An ce mini bakin ya mutu, har na so in aiko ta'aziyya. Matso, ba ni cizo, haƙoran sun riga ni tahiya."

Matan da ke ɗibar ruwa suka yi ta ƙyaƙyata. Na jira suka ɗauki tulunansu, sannan na faɗa masa duka, tun daga wurin suna har zuwa maƙabartar da aka lanƙwasa wa layi. Ban rage ba.

Ya bar ni na gama. Sai ya ce, "Kai Mamman, kurma nike ran nan? Ina tsaye kusa da kai awa yadda kake yanzu. 'Tsuhwa ne,' ka ce. Ni da nike hawowa daga rijiya da igiya ɗaya! Yanzu ne tsuhwa, zo ka gani."

Na ce, "To mi ya hana ka ƙaryata ni, Baba?"

Ya ce, "In ƙaryata ka gaban Nasara, su ɗaure ka ga gawon ga su zane ka? Ɗiyata na da ciki wata bakwai. Na auna rijiya, na auna bayanka, na ce rijiya ba ta jin bulala." Guga ya taɓa ruwa. Ya ce, "Ni ma ina da nawa. Da na buɗe baki na ce a'a sarai, da ba ka samu abin gajartawa ba. Mu mun saba jan to gaban masu iko, muna zaton kowa ɗan gida ne."

Arzika, ka ji mutumin da ka ce bai san alif ba. Shekara goma sha biyar ina ɓoye masa abin da shi ya rufa mini. Ka ƙara da wannan a cikin abin da na gaya maka: ranar da a'a ce gaskiya, ka faɗe ta a'a, da ladabi, amma tsirara.

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "To."

Gajere. Tsakuwa a ruwa. Ban san nauyin abin da nake ɗauke da shi ba sai da na ji ya sauka. Ya sa aka jawo guga aka ba ni, na sha, ruwan na nan yadda na san shi.

Sannan ya ce, "Ina ɓarawon matata?" Kai yake nufi, ka san wasanku, tunda kakarka angonta take ce maka. Na ce ka tafi Sakkwato. Ya ce, "Ya tahi?" Ya sa hannu ƙarƙashin buzunsa ya lalubo wani ɗan tandu na fata, sabo, irin na zuba tawada. Ashe tun da ya ji an zaɓe ka ya sa aka yi maka, yana jiran ka zo. Na miƙa hannu in karɓa in ba Tunau, ya janye.

Ya ce, "A'a. Ka ga na koya. Mai shi za shi zo shi amsa. Ka ce mishi in ya iya rubutun Nasara shi zo shi rubuta to ɗina na ran nan, shi karanta mini in ji ko takarda na iya ɗaukar tsawonshi. Amma shi yi hamzari. Igiyata ta kusa ƙarewa ga hannun mai ja."

Ba wasa yake ba a nan. Innarka ta ce fura ma sai an tsinka ta da ruwa yake iya sha. An gaya mini ana sallamarku hutu bayan kaka. Ran da ka iso, kada ka sauke kayanka a gidana. Ka wuce, ka ƙetara duwatsun, ka tuɓe takalman nan naka masu kyau daga nesa. Zai kira ka ɗan Nasara, ka kira shi tsohon kishiya, ka zauna har ya gaji da kai. Ni zan raka ka. Tun ran nan sau huɗu na koma, jiya ma har labarin Gwanja na ba shi, na Tunau, na ƙara masa gishiri, ya ce bakin ya tashi daga matattu.

Na san za ka zo. Jinin mai rijiya na jikinka, kuma ya fi nawa yawa.

Allah ya buɗe maka karatu, ya sa halinka ya riga iliminka isa duk inda za ka. Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya kare ka daga cutar ruwa da cutar gari, ya ja kwanan tsoho har ka iso, ya dawo mana da kai lafiya.

Kada ka ba Tunau amsa a takarda. Na gaya maka, to na takarda duka kamarsu ɗaya. Naka ka kawo shi da ƙafarka.

Wassalam. Mahaifinka, Mamman.